Yadda Ake Bin Silsilar Mallakar Zanen Kayan Girki Na Fentin Mai

Zana tukwane da kasake da ludaya da aka jera bisa tebur tsohuwar sana'a ce a Turai, musamman a Holan da Faransa da Sifen, tun daga ƙarni na 17. Wanda ya fi yin suna da ita shi ne Jean-Siméon Chardin, Bafaranshen da ya rayu daga 1699 zuwa 1779, wanda ya shafe shekaru yana zana tukunyar tagulla da turmi da ƙwai da albasa a kan ƙananan alluna. Duk wanda irin wannan zane ya shigo hannunsa, ko ma'aikacin gidan tarihi ne, ko ɗalibi, ko magajin da ya tarar da shi cikin kayan mahaifinsa, dole ya san hannun wa da wa zanen ya bi kafin ya iso gare shi, domin a kan wannan ne darajarsa da halascin mallakarsa suka rataya. Aikin ya yi kama da na masu tantance isnadin hadisi: kowane suna a cikin silsila sai an tabbatar ya karɓa daga wanda ya gabace shi, inda kuma aka sami yankewa sai a faɗi cewa an sami yankewa.

Zanen kayan girki ya fi sauran wuyar bi. Hoton sarki yana ɗauke da sunan sarkin, amma tukunya ba ta da suna, kuma tsofaffin kundayen gwanjo sukan rubuta "kayan girki" kawai su wuce. Chardin da kansa yakan maimaita zane ɗaya fiye da sau ɗaya, masu kwaikwayonsa kuma ba su ƙirguwa. Saboda haka taken zane ba zai taimake ka ba. Abubuwa uku ne za su bambanta naka da ɗaruruwan masu kama da shi: awonsa, abin da ke bayansa, da cikakken lissafin kayan da aka zana a cikinsa.

Kayan aiki

Kana bukatar tebur mai faɗi da aka shimfiɗa wa bargo mai tsabta, da tef ɗin awo mai santimita da inci, da madubin ƙara girman rubutu, da tocila mai farin haske, da waya ko kyamara mai ɗaukar hoto sarai. Ka tanadi littafin rubutu da fensir. Kada biro ya kusanci zanen, domin ɗigon tawada ba ya fita. Safar hannu ta roba ta fi ta auduga, saboda zaren auduga yana kama fentin da ya fara ɗagowa ya ɓamɓare shi. Idan babu safa, wanke hannu da sabulu ka bushe shi sosai, ka riƙe zanen ta gefen firam kawai. Ka sami ambulan na takarda don ajiye duk abin da ya faɗo daga baya, da babban fayil don takardu. Ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet, irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita, tana da amfani, amma ana iya yin aikin ba tare da ita ba. Sai kuma intanet, da mutum na biyu da zai kama maka idan zanen ya fi tsawon hannu.

Mataki na 1: Ji ta bakin mai shi

Kafin ka taɓa zanen, zauna da wanda yake hannunsa ka rubuta duk abin da ya sani: yaushe ya same shi, daga wa, a wane gari, saye ne ko kyauta ko gado. Ka nemi rasit, da wasiƙu, da takardar inshora, da takardar kwastan, da takardun rabon gado, da tsofaffin hotunan iyali da zanen ya fito a jikin bangon ɗaki. Irin wannan hoton, idan an san shekarar da aka ɗauke shi, hujja ce mai ƙarfi. Ka raba shafinka gida biyu, gefe ɗaya abin da takarda ta nuna, ɗaya gefen abin da aka ji an ce. Labarin iyali yakan zo da gaskiya a cikinsa, sai dai shekaru sukan zame, kuma kakan da aka ce ya sayo zanen a Faris wataƙila a Landan ya saye shi daga dillalin da ya kawo shi daga Faris.

Mataki na 2: Auna fuskar zanen, ka lissafa kayan cikinsa

Auna tsayi tukuna, sannan faɗi, domin haka ake rubutawa a duk gidajen tarihi. Ka auna zanen kansa ba da firam ba, ka kuma rubuta awon da santimita har da milimita. Idan ba za a iya cire firam ba, auna iyakar abin da ido ke gani ka rubuta cewa awon gani ne. Rubuta abin da aka yi zanen a kansa, ko kanfas ne, ko katako, ko farantin tagulla.

Daga nan ka lissafa kayan da ke ciki daga hagu zuwa dama, ba tare da barin komai ba: tukunyar tagulla a kwance bakinta na kallon dama, ƙwai uku, turmin barkono da taɓaryarsa, wuƙa da ƙotarta ta leƙo gefen tebur, farin ƙyalle a naɗe. Masu fara wannan aiki sukan raina wannan lissafi, alhali da shi za ka gane zanenka a cikin kundin da aka buga shekaru 200 da suka wuce, inda bambancin kwafi biyu bai wuce ƙwai biyu da ƙwai uku ba. Nemi sa hannun mai zanen, wanda a irin waɗannan zane-zane yakan ɓuya a gefen tebur ko a duhun bango, ka kwafe shi harafi da harafi yadda yake. Haska tocila daga gefe, ta kwanta da fuskar zanen, za ka ga tsaga da faci da wurin da aka ƙara fenti. A ƙarƙashin hasken ultrabayolet, cikin ɗaki mai duhu, tsohon banish, wato man sheƙin da ake shafa wa zane don kare fentinsa, yakan ba da haske kore-kore, gyaran baya-bayan nan kuma ya fito baƙi. Sa hannun da ya fito baƙi a kan banish abin tuhuma ne.

Mataki na 3: Juya shi ka karanta bayansa

A nan ne rabin aikin yake. Kwantar da zanen rub da ciki a kan bargo, amma sai ka tabbatar fentin ba ya ɓarewa; idan yana ɓarewa, jingina shi a tsaye wani ya riƙe maka. Ɗauki hoton bayan gaba ɗaya, sannan ka ɗauki kowace alama ita kaɗai da tef ɗin awo a gefenta. Zana taswirar bayan a littafinka ka ba kowace alama lamba.

Abubuwan da za ka nema suna da yawa. Akwai takardun manne na dillalai da na wuraren baje koli, da hatimin kaki ja mai ɗauke da tambarin wani gida, da lambobin alli, da hatimin kwastan, da rubutun hannu a kan katakon da aka ɗaure kanfas. Gidan gwanjo na Christie's, wanda aka kafa a Landan a 1766, ya daɗe yana buga lambar ajiya ta haruffa da alƙaluma da baƙin fenti a bayan zanen da aka kawo masa, kuma da wannan lamba ma'ajiyar takardunsa za ta iya gano ranar gwanjon. Masu sayar da kanfas su ma suna buga hatiminsu da adireshinsu, kuma tunda shaguna suna sauya wuri da suna, adireshin kaɗai yana iya tsayar maka da shekaru. Kanfas mai hatimin Winsor & Newton, alal misali, ba zai girmi 1832 ba, domin a shekarar aka kafa kamfanin. Gidan hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan ya sa jerin masu sayar da kayan zane na Birtaniya da adireshinsu a intanet kyauta. Idan an yi zanen a kan katakon itacen oak ne, nemi tambarin wuta na hannaye biyu da ganuwa, alamar birnin Antwerp na Beljiyam, wadda ƙungiyar masu sana'ar garin ta tsaurara dokarta a 1617.

Kada ka ɓamɓare takarda don ganin abin da ke ƙarƙashinta, kada ka goge alli, kada ka jiƙa komai da ruwa don rubutu ya fito. Takardar da ta faɗo da kanta ka sa ta a ambulan, ka rubuta daga inda ta faɗo. Ka bambanta abin da ke jikin firam da abin da ke jikin zanen, domin dillalai suna musanya firam, kuma takardar da ke kan firam wataƙila ta wani zanen ce dabam. Sau da yawa za ka tarar bayan tsohon zane fes, babu ko ɗigo. Wannan ba ya nufin jabu ne. Yawancin zane-zanen ƙarni na 17 da na 18 an manna musu sabon kanfas a baya don ƙarfafa su, aka kuma sauya katakon, alamomin farko suka tafi da shi. Dubi gefuna, idan ka ga kanfas biyu a haɗe, to haka aka yi.

Kada kuma takardar manne ta ruɗe ka. Wolfgang Beltracchi, wanda kotun birnin Kolon a Jamus ta ɗaure a 2011, ya riƙa manna wa zane-zanensa na jabu takardun ƙarya masu sunan wani dillalin zane-zane, Alfred Flechtheim, har ya ɗauki matarsa hoto cikin shigar kakarta tana zaune a gaban zane-zanen, don a ce tun zamanin kaka suke a gidan. Takardar manne tana nuna maka inda za ka je ka tambaya ne kurum. Hujja sai ka ga zanen a littafin dillalin ko a kundin baje kolin da ta ambata.

Mataki na 4: Gwada kayan zanen da labarinsa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Shuɗin da ake kira na Furusiya sai a farkon ƙarni na 18 aka ƙirƙiro shi a Balin, farin titaniyam kuma bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920, kuma shi ne ya tona asirin Beltracchi a zanen da ya rubuta wa 1914. Kanfas da aka ɗaure da ƙusoshin sitefila na tsakiyar ƙarni na 20 ne ko bayansa, ko dai an sake ɗaure shi a lokacin. Gwajin fenti aikin ɗakin bincike ne, kada ka kankare komai da kanka. Idan babu kuɗin gwaji, ka tsaya ga abin da ido ya gani, ka nuna hotunan ga malaman sashen zane na jami'a, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su gaya maka ko fenti ne na gaske, domin ba ƙaramin adadi ba ne na abin da ake kawowa yake zama hoton inji da aka buga a kan kanfas aka shafa masa banish. Madubi zai nuna maka ɗige-ɗigen injin a jere.

Mataki na 5: Shiga kundayen gwanjo

Ka fara daga yau ka koma baya, daga wanda ka sani zuwa wanda ba ka sani ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sami wani gwanjo na 1780 da aka sayar da "tukunya da ƙwai" na Chardin, zuciyarsa ta kwanta, sai ya fara tilasta wa silsilar ta sauko zuwa gare shi.

Rumbun bayanan mallaka na cibiyar Getty da ke Amurka kyauta ne a intanet, kuma yana ɗauke da kundayen gwanjo da littattafan dillalai da jerin kayan gado. Cibiyar nazarin tarihin zane ta RKD da ke birnin Hague na Holan ta fi kowa a kan zane-zanen Holan da Beljiyam. Don na Faransa, duba Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun ƙasar, da na cibiyar nazarin tarihin zane ta ƙasar, wato INHA, inda akwai dubban kundayen gwanjo, ciki har da na Hôtel Drouot, gidan gwanjon Faris da aka buɗe a 1852. Ɗakin karatu na Witt a Landan da na Frick a New York suna da tarin hotunan zane-zane da aka jera bisa sunan mai zane. Ka nemi kuma cikakken kundin ayyukan mai zanen da masana suka tattara, idan akwai. Wanda ba zai iya zuwa waɗannan wurare ba sai ya rubuta musu imel gajere, da hoton gaba da na baya da awo da tambaya guda ɗaya takamaimai. Tambayar da ta ce "mene ne tarihin wannan zane" ba ta samun amsa, amma wadda ta ce "wannan lamba ta wane gwanjo ce" tana samu.

A cikin kundin, ka fi son kwafin da wani ya rubuta sunan mai saye da farashi a gefen shafi da hannu. Wasu kundayen Faris na ƙarni na 18 ma suna da ƙananan zane-zane a gefe, na hannun Gabriel de Saint-Aubin, wanda yakan halarci gwanjo yana zana abin da ake sayarwa. Wanda ya dace da irin wannan ya huta da gardama.

Sai ka yi hattara da awo. Kafin a tilasta amfani da mita a Faransa a 1840, kundayensu suna awo da incin sarki, wanda ya kai santimita 2.7, ya fi incin Ingila mai santimita 2.54. Zanen da aka ce inci 12 ne a Faris ya kai santimita 32.5, a Landan kuwa 30.5. Wanda ya yi lissafi da incin Ingila a kan kundin Faransa zai yar da zanensa na gaskiya ko ya rungumi na wani. Bambancin santimita ɗaya ana iya yafe shi, domin magatakardan gwanjo ba sa tsanantawa kuma ana datse gefuna lokacin gyara, amma idan kundin ya ce katako ne naka kuma kanfas, ka ajiye shi gefe.

Irin waɗannan zane-zane sau da yawa tagwaye ake yin su, a sayar da su a lamba ɗaya. A gidan tarihi na Louvre da ke Faris akwai biyu na Chardin na 1731 a kan farantin tagulla, ɗaya na kayan girkin ranar cin nama, ɗaya na ranar da Kiristoci ke ƙaurace wa nama, kuma har yau suna tare. Da yawa an raba su, don haka idan silsilarka ta yanke, bi sawun ɗan'uwan zanen, wataƙila nasa tarihin ya fi cika. Ka lura kuma da yadda aka rubuta sunan mai zane. A tsohuwar al'adar gwanjon Landan, cikakken suna yana nufin sun amince aikinsa ne, sunan ƙarshe kaɗai kuwa yana nufin salonsa ne kawai. Sunan mai saye ma yakan zama na dillalin da aka aika, wani lokaci kuma zanen bai kai farashin da mai shi ya sa ba, ya koma gida bai sauya hannu ba.

Mataki na 6: Bincika sata da ƙwace

Idan zanen ya girmi 1945 kuma ya taɓa zama a nahiyar Turai, dole ka san inda yake daga 1933 zuwa 1945, shekarun da 'yan Nazi suka ƙwace dukiyar Yahudawa ko suka tilasta musu sayarwa da araha. Ƙasashe 44 sun amince da ƙa'idojin Washington a 1998 kan gano irin waɗannan kaya da daidaitawa da magadansu. Duba rumbun Lost Art na Jamus, kyauta ne. Duba kuma manhajar ID-Art ta 'yan sandan duniya, Interpol, wadda ke gwada hoton da ka ɗauka da jerin kayan sata. Kamfanin Art Loss Register na Landan yana bincike da kuɗi, yana ba da takardar shaida. Rashin ganin zanen a waɗannan wurare ba wanke shi ba ne, domin ba kowace sata aka kai rahoto ba. Idan ka gan shi, ka dakata da duk maganar sayarwa ka nemi lauya.

Mataki na 7: Rubuta silsilar

Yanzu ka juya tsarin, ka fara daga mafi tsufa zuwa mai shi na yau. Kowane mataki ya ƙunshi suna, da gari, da shekara, da hanyar samu. Gidajen tarihi da dama suna sa waƙafi mai ruwa tsakanin mutum biyu idan an tabbatar zanen ya wuce kai tsaye daga wannan zuwa wancan, su sa aya idan akwai giɓi. Alal misali, wani ƙaramin zanen Chardin na tankin ruwa na tagulla, wanda bai kai santimita 30 a tsayi ba, ƙarshen silsilarsa zai zo kamar haka: Dakta Louis La Caze, Faris; wasiyyarsa ga Louvre, 1869. La Caze likita ne da ya bar wa gidan tarihin zane sama da 500.

Inda kake da zato mai ƙarfi, rubuta "mai yiwuwa". Inda labarin baki ne, rubuta "a cewar iyalin mai shi". "Tun 1921" yana nufin a shekarar ya same shi, "zuwa 1921 yana hannunsa" kuwa yana nufin a shekarar aka fara ganinsa da shi, kuma ba ɗaya ba ne. Kada ka cike giɓi da "wani attajiri a Turai" don shafin ya yi kyau. A ganina silsila mai suna uku tabbatattu da giɓin shekaru 80 da aka bayyana ta fi mai suna goma da ba a san inda aka samo su ba, kuma masu saye na kirki sun san haka. A ƙarƙashin kowane suna ka rubuta hujjarsa: wane kundi, wace lamba, wane shafi, ko wace alama ce a taswirarka ta baya.

Mataki na 8: Adana fayil ɗin da zanen

Yi kwafi biyu na takarda da ɗaya na kwamfuta, kada ka ajiye su duka wuri ɗaya da zanen, domin gobara ko ɓarawo ba sa zaɓe. Kada ka manna sabuwar takarda a jikin kanfas. Idan za ka sa lambar ajiya, rubuta ta da fensir a kan katakon baya. Zanen kansa ka nisanta shi da madafa da hasken rana da bangon da ke tsatsafo da damina, kuma allon katako ya fi shan wuya da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa shi lanƙwasa ya tsage. Ranar da zai bar hannunka, ka rubuta takardar sayarwa ko ta kyauta mai ɗauke da awo da hoto da kwanan wata da sa hannun shaidu biyu, ka miƙa wa sabon mai shi fayil ɗin gaba ɗaya, ka riƙe kwafi ɗaya a wurinka.